Gajeriyar Tsarkiya

Kakana Arzika ba ya sayen duma a kasuwa.
Shi ke shuka abinsa a fadamar Kwalkwalawa,
in ya ƙosa ya ƙwanƙwasa da farce, ya kara kunne.
Wanda ya amsa, gurmi ne.
Wanda ya yi shiru, a kai wa mata su auna gero.
Fata kuwa sai ta jar akuya,
ɗanya, wadda ba ta ga bagaruwar majema ba.

Ran da na dawo hutu daga jami'a
na tarar da shi a zaure, bayan Ƙofar Marke,
yana jan ƙulli da sauran haƙoransa.
Na ce, Baba, ga wani kiɗa a waya,
banjo sunansa, daga ƙetaren teku.
Ya ce, Teku? Ni ko Rima sai na yi addu'a.

Na kunna.
Bakinsa bai motsa ba,
babban yatsansa ne ya fara amsawa,
yana faɗa wa gwiwa
daidai inda gajeriyar tsarkiya ke kuka.
Ya ce, Mai da baya.
Na mayar. Ya ce, Ƙara.

Wanga ɗan gida na, in ji shi,
amma ɗingishi shikai.
Ukku, ukku, biyu. Saurara. Ukku, ukku, biyu.
Mu ba mu taka ƙasa hakanga.
Ina yaj ji ciwo?

Sai na kwance masa abin da na karanto:
cikin jirgin ruwa, duhu da sarƙa,
ba wanda aka bari ya ɗauki ko tsinke.
Tsibirai masu gonakin rake,
inda mutum goma ke kwana ɗaki guda
da harshe goma, ba mai jin wani.
Can wani ya ga duma ya yi yaɗo a bayan bukka,
hannunsa ya tuna.
Na kusa da shi ya kawo takun garinsu,
na can ya kawo tafi,
raƙuman ruwa suka cike gurbin da ya saura.

Daga tsibiri kiɗan ya haura babban tudu.
Can wasu fararen fata suka shafe fuska da baƙin toka,
suka hau dandali suna gwatsine,
suna kwaikwayon masu abin,
jama'a na biya, suna dariya har da hawaye.
Suka jefar da duman,
suka ɗaura fata kan gewayen katako kamar rariya,
suka rubuta kiɗan a littafi da sunayensu.

Ya daɗe yana murza gemu.
Ya ce, To sun saci akuya ba su kwance ƙararrawa ba.
Toka wanka guda ta,
ɗingishin ga kau ba shi wankuwa.

Can ya ɗago: Shi wanda yaf fara ɗaure ta tsibirin,
mi as sunanai?

Na duba waya. Na duba takarduna.
Akwai sunan jirgi, akwai nauyin sukari,
akwai kuɗin shiga kallo.
Na ce, Baba, ba a rubuta ba.

Kulu ta shigo da fura, ta ajiye, ta fita.
Ƙuda ya sauka bakin ƙwaryar, ba wanda ya kore shi.

Da aka sauko la'asar ya jawo gurmin da bai gama ba,
ya gwada: uku, uku...
yatsa ya zarce, ya koma tsohuwar hanya.
Ya yi tsaki, ya sake.
Shekara sittin hannun nan na tafiya a miƙe,
ranar yana koyon ɗingishi.

Gurmin na nan rataye a zaure.
Masu saye uku sun taya.
Ya ce da mai shi, yana hanya.